ABDULAYE MAMANI DA JARIDUN SAWABA

A filinmu na mazan jiya, yau za mu waiwayi wani ɗan ƙasa wanda da yawa daga cikinku kun san sunan littafinsa, amma kaɗan ne suka san hanyar da ya biyo kafin ya rubuta shi. Wannan mutum shi ne marigayi Abdulaye Mamani, mawallafin littafin nan Sarraounia, wanda Allah ya yi wa rasuwa a shekarar 1993. Ƴan lakwal sun san shi da labarin Sarauniyar Lugu. To amma tun kafin ya kai ga rubuta littafi, ɗan sandika ne, kuma yana daga cikin masu riƙe da alƙalamin jam'iyyar Sawaba, a zamanin da ƴar takarda guda cikin aljihu take iya kai mutum kaso. Tarihinsa da na jaridun wannan jam'iyya tare suke tafe, ba a ba da ɗaya a bar ɗaya.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Abdulaye Mamani a shekarar 1932 a Gudumariya, cikin ƙasar Manga, gabas da Damagaram. Ya buɗe ido ya tarar da mulkin mallaka yana kan ganiyarsa. Lanho yana kan kowane baligi, ana kwasar mutane aikin tilas na gyaran hanya da ginin bariki, kuma doka ta bai wa kumandan ikon ɗaure talaka kwanaki ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Yana ɗan shekara goma sha huɗu, wato a 1946, aka soke aikin tilas da wannan doka ta ɗauri ba shari'a. A wannan shekara ce kuma aka kafa jam'iyyar PPN a Yamai, wadda ta zama reshen RDA da aka kafa a Bamako cikin watan Oktoba.

Yana cikin ƴan tsirarun yaran da suka sami shiga lakwal. Mai karatu ya tuna cewa har ranar da Nijar ta sami ƴancin kai, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba. Saboda haka duk wanda ya iya riƙe alƙalami a wancan zamani, hanya biyu ce a gabansa: ko ya zauna a biro ya ci albashinsa ya yi shiru, ko kuwa ya ara wa waɗanda ba su iya ba hannunsa da bakinsa. Mamani ya ɗauki ta biyu.

A Damagaram ya kama aiki, kuma a nan idonsa ya buɗe. Ko da yake tun 1926 aka ɗauke hedkwatar ƙasa daga Damagaram aka mayar Yamai, garin bai daina zama cibiyar ciniki ba, domin gyaɗa. Daga Magarya da Kance da Matamaye ake tara ta, manyan kantunan Turawa su saye a kan farashin da suka ga dama, motoci su kwashe zuwa Kano, jirgin ƙasa ya kai ta bakin teku. Wannan ciniki ya haifar da wasu irin mutane da ba a saba gani ba a da: direbobi da yaran mota, ƴan dako, ƴan kamasho, teloli, magina, masinjoji, kuku da boyi na gidajen Turawa. Sun baro ƙauye, sun ga duniya, sun san abin da ake ci da guminsu, amma ba su da mai faɗa musu. Cikinsu ne Mamani ya fara aikin sandika, yana rubuta musu koke, yana tsaya musu gaban masu kanti da sufeton aiki, tun bai wuce shekara ashirin da ƴan kai ba.

Jaridu masu sunan Hausa

A daidai wannan lokaci, can Yamai, wani tsohon mushen lakwal mai suna Jibo Bakari ya raba gari da shugabannin PPN. Dalili kuwa shi ne a 1950 RDA ta yanke hulɗarta da jam'iyyar kwaminis ta Faransa don ta sasanta da gwamnatin mallaka, shi kuwa bai yarda ba. Ya koma ga leburori da ma'aikatan lambu, ya haɗa kansu cikin sandika, sa'an nan a 1954 ya kafa jam'iyyar UDN. Mamani ya bi shi, ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan tafiyar a gabashin ƙasa.

Jam'iyyar da ba ta da kuɗi, ba ta da kumandan, ba ta da rediyo, makaminta ɗaya ne, wato takarda. UDN ta fito da jaridarta mai suna Le Démocrate. Ƴan sandika suna da tasu mai suna Talaka. Daga baya aka yi wadda ta ci sunan jam'iyyar, Sawaba, sa'an nan Gaskiya, wadda za mu zo kanta nan gaba. Kada mai karatu ya ɗauka irin jaridun yau ne masu hotuna da launi. Akasari ƴan shafuka ne, a buga da tafireta, a juya da injin hannu, su fito in an sami kuɗin takarda da tawada, su ɓace in ba a samu ba. Abin da ke ciki kuwa shi ne abin da ke damun mai ƙaramin ƙarfi: farashin gyaɗa, albashin lebura, nauyin lanho, da zaluncin wasu masu riƙe da sarauta.

Ni da nake cin abinci da fassara, akwai abin da ya daɗe yana jan hankalina game da waɗannan jaridu. Da Faransanci ake rubuta su, amma uku daga cikinsu sunan Hausa gare su. Wanda ya raɗa wa jarida suna Talaka ya riga ya faɗi wa yake nufi tun ba a buɗe shafin farko ba. Sawaba kuwa kalma ce da duk wanda ya taɓa shan wuya ya san ta, wato sauƙin da ke zuwa bayan tsanani. Ko wanda bai san baƙi ba yana iya riƙe sunan a ka, ya kai shi kasuwa. Sauran aikin kuma na mai fassara ne. Dattawanmu na Matamaye sukan ba da labarin yadda takarda guda takan zo a hannun direba, a sami wani ɗan lakwal ko akawun kanti ya zauna a tasha ko a shagon tela bayan sallar isha'i, yana karantawa da Faransanci yana juyawa da Hausa, mutum ashirin ko talatin suna saurare. Gobe kowannensu ya kai ƙauyensu. Ta haka jaridar da ba ta da masu karatu da yawa ta sami masu ji ba iyaka. Waɗannan tafintoci da ba a rubuta sunansu ko'ina ba, su ne magabatanmu a wannan sana'a.

Ba a Nijar kaɗai iskar take kaɗawa ba. A Kano, tun watan Agusta na 1950 aka kafa NEPU, wadda Malam Aminu Kano ya shugabanta, ita ma da kalmar sawaba a bakinta, ita ma da talakawa a gabanta. Jaridar Comet da ake bugawa a Kano tana ɗauke da muryarta. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuwa tun 1939 take fitowa daga Zariya da Hausa tsantsa. Tsakanin Matamaye da Daura tafiya ce ta ƴan sa'o'i, fatake suna kai da kawowa, labari ma haka.

Hawa da faɗuwa

A ƙarshen 1956, UDN ta haɗe da jam'iyyar BNA, wadda sarakuna da yawa suke goyon baya, aka sami ƙungiya guda da jama'a suka fi sani da Sawaba, mai alamar raƙumi, a gaban giwar RDA. Jibo Bakari ya zama magajin garin Yamai. A zaɓen 31 ga Maris 1957 suka ci kujeru 41 daga cikin 60 na majalisar ƙasa, Jibo ya kafa gwamnatin farko ta ƴan ƙasa. Mamani, yana ɗan shekara ashirin da biyar, ya zama wakilin Damagaram a majalisa, kuma yana cikin waɗanda aka tura Babbar Majalisar Afirka ta Yamma da ke Dakar.

Sai dai haɗin talaka da basarake haɗin gambiza ne. Gwamnatin Sawaba ta tuɓe wasu sarakuna, sauran suka sha jinin jikinsu. Ana cikin haka Janar De Gaulle ya hau mulki a Faransa a 1958, ya kira zaɓen raba gardama: ko a ce I a zauna cikin tarayya da Faransa, ko a ce A'a a ɗauki ƴancin kai nan take. Sawaba ta ce A'a. Faransa kuwa ba ta shirya sakin Nijar ba, ga yaƙin Aljeriya yana ci a arewacinmu. Aka aiko sabon gwamna, Don Jean Colombani, aka baza sojoji, sarakuna suka juya wa Jibo baya. Ranar 28 ga Satumba 1958 aka yi zaɓen, daga baya aka sanar cewa I ta sami kashi 78 cikin ɗari, alhali waɗanda suka fito jefa ƙuri'a ba su kai kashi 40 cikin ɗari na masu rajista ba. Gine kaɗai ce ta ce A'a ta tsira da ita.

Daga nan abubuwa suka yi ta zubewa. Gwamnatin Jibo ta sauka. A zaɓen Disamba 1958 Sawaba ta tsira da ƴan kujeru a Damagaram da Tasawa, su ma aka soke su. Jori Hamani ya karɓi ragamar gwamnati. Ranar 12 ga Oktoba 1959 aka haramta jam'iyyar Sawaba ɗungurungum, jaridunta suka bi ta. Da aka sami ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, jam'iyya ɗaya ce a ƙasa, jaridar kullum ɗaya ce, Le Temps du Niger, ta gwamnati. Waɗanda suka fara neman ƴancin suna kaso ko suna gudun hijira ranar da aka yi bikinsa. Mamani yana cikin waɗanda suka bar ƙasa.

Alƙalami a baƙon wuri

Shekara goma sha huɗu ya yi a waje. Bamako ta Modibo Keita da Akara ta Kwame Nkrumah su ne suka fara buɗe wa ƴan Sawaba ƙofa. Bayan Aljeriya ta sami ƴancinta a 1962, Mamani ya zauna a birnin Aljer yana wakiltar jam'iyyar, yana kuma cikin masu kula da yaɗa labarunta. A wannan zamani na hijira ne Gaskiya ta zama muryar Sawaba. Daga waje ake buga ta, a ɓoye take shigowa, cikin kayan fatake da ƙarƙashin kujerar mota. Kano ta zama mafaka, inda ƴan NEPU suke sauke ƴan'uwansu na arewa, iyakar da ta taso daga Maraɗi zuwa Matamaye da Magarya kuwa ta zama ƙofar shige da fice. Wanda aka kama da ita ya san inda zai kwana.

A nan wajibi ne mu faɗi abin da ya biyo baya yadda yake, domin tarihi ba waƙar yabo ba ne. Da shugabannin Sawaba suka ga an toshe musu hanyar ƙuri'a da ta takarda, sai suka ɗauki ta bindiga. Aka tura samari koyon yaƙi a Aljeriya da Sin da Biyetnam ta Arewa da Gana. A watan Oktoba 1964 ƙungiyoyinsu suka kutso ta kan iyakoki, daga yamma har bakin tafkin Cadi, suna zaton jama'a za su tashi su mara musu baya. Jama'a ba su tashi ba. Shekara biyar na tsoro sun yi aikinsu, kuma mutanen ƙauye da suka saurari jarida da daɗin rai ba su ga dalilin mutuwa a kan abin da ba a shawarce su ba. Aka kashe wasu, aka kama wasu, aka harbe wasu a bainar jama'a a Yamai. A watan Afrilu 1965 wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti a filin idin babbar salla da nufin kashe shugaba Jori, ya kuskure shi. Kamun da ya biyo baya ya haɗa da mai laifi da marar laifi, mutane da yawa suka mutu a tsare. Akwai gidaje a ƙasar Damagaram da har yau ba a son tayar da zancen waɗannan shekaru.

Masu ba su mafaka ma suka faɗi ɗaya bayan ɗaya: Ben Bella a 1965, Nkrumah a 1966, Modibo Keita a 1968. Jam'iyya ta watse, jaridar ta yi shiru. Mamani ya rage da alƙalaminsa, ba jam'iyyar da zai rubuta wa. Wani da ya ajiye shi. Shi kuwa sai ya juya shi wata fuska. Aljer ta wancan zamani matattarar ƴan gwagwarmaya ce daga ko'ina cikin Afirka har da baƙaƙen fatar Amurka, a can aka yi babban bikin al'adun Afirka a 1969. Cikin wannan yanayi ya koma ga waƙa. A 1972 aka buga masa littafin waƙoƙi mai suna Poémérides a Faransa, ya kuma rubuta wasan kwaikwayo mai suna Le Balai, wato tsintsiya.

Dawowa gida

Ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji suka kifar da gwamnatin Jori, Laftanan-kanar Saini Kunce ya hau. Aka buɗe wa ƴan hijira ƙofa bisa sharaɗin su bar siyasa. Mamani ya dawo, kamar yadda Jibo Bakari ya dawo. Murna ba ta daɗe ba. A 1975 aka kama Jibo, shi ma Mamani bai tsira ba, ya yi shekaru a tsare. Mutumin da ya tsere wa kason gwamnatin da ya yaƙa, sai ga shi cikin kason wadda ta kira shi gida.

A 1980 kamfanin L'Harmattan na birnin Paris ya fito da Sarraounia. Labarin ya koma shekarar 1899, lokacin da ayarin sojan Faransa ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine ya ratso ƙasar Hausa yana ƙone garuruwa. A watan Afrilu suka isa Lugu, cikin ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi, inda Sarauniyar Azna da mutanenta suka tsaya suka yi yaƙi. A watan Mayu ayarin ya yi wa Birnin Ƙonni kisan da ba a manta ba. A watan Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda Faransa ta aiko ya tsayar da shi, a Ɗankori kusa da Tasawa, kwana kaɗan bayan haka sojojinsu suka kashe shi da Chanoine a wajejen Maijirgi. Ragowar ayarin ne ya ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini.

A cikin rahotannin Turawa, ƴan layuka kaɗan aka ba wannan mata. Mamani ya bi takardun tarihi, ya saurari abin da baka ta riƙe, sa'an nan ya ƙara da nasa. Ya kamata ɗalibai su riƙe wannan: littafin ƙagaggen labari ne da aka gina a kan abin da ya faru, ba kundin tarihi ba ne, kuma masana sun nuna wuraren da marubucin ya yi ƙari. Amma duk wanda ya san rayuwar mutumin zai gane abin da ya kai shi Lugu. Ga mai ƙaramin ƙarfi da ya ce a'a ranar da manya suka sunkuya. A ganina, abin da aka hana shi faɗa a jarida game da 1958, shi ya faɗa da bakin 1899, kuma wannan karon ba wanda ya iya cewa a kama mai karantawa.

Abokinsa Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da littafin siliman a 1986. A Nijar aka yi niyyar ɗaukarsa, hakan bai yiwu ba, sai aka ɗauke shi a Burkina Faso ta zamanin Toma Sankara. A 1987 ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu. Daga nan sunan Sarauniya ya fita daga ƙauyen Lugu ya zaga duniya, ya dawo gida ya shiga lakwal da waƙa da rawa.

Ƙarshen tafiya

Mamani ya ƙare kwanakinsa a Damagaram, garin da ya fara aikin sandika, yana rubutu. Allah ya ja ransa har ya ga abin da ya yi ta jira. A 1990 jaridar Haske ta Ibrahim Shek Jop ta fito a Yamai, jarida mai zaman kanta, bayan shekara talatin da ɗaya da rufe bakin jaridun Sawaba. Ita ma da Faransanci take, ita ma sunan Hausa gare ta. A 1991 aka yi babban taron ƙasa, jam'iyyu suka dawo, har da Sawaba, ko da yake ta dawo a rabe kuma ƙarfinta na da bai dawo ba.

A watan Yuni 1993 ya kama hanyar Yamai daga Damagaram don karɓar kyautar adabi mai sunan Bubu Hama, mutumin da ya shugabanci majalisa a gwamnatin da ta kore shi daga ƙasa. Bai isa ba. Haɗarin mota ya rutsa da shi a hanya, yana da shekara sittin da ɗaya. Jibo Bakari ya bi shi a watan Afrilu 1998.

Littafin Sarraounia yana nan, ana samunsa. Jaridun ne abin tausayi. Takarda ce marar ƙwari, kuma shekaru da yawa duk mai hankali ƙone ta yake yi kafin jandarma su zo bincike. Wani masanin tarihi ɗan ƙasar Holan, Klaas van Walraven, ya yi shekaru yana bin sawun Sawaba, yana zantawa da tsofaffinta gari gari, ya fitar da babban littafi a 2013, wanda aka fassara da Faransanci a 2017 da sunan Le désir de calme. Da yawa daga cikin abin da ya samu, a ɗakunan ajiyar takardu na Faransa ya same shi, cikin rahotannin waɗanda aikinsu shi ne sa wa jam'iyyar ido. Wato mai farautar takardar ya fi mai ita adana ta.

Saboda haka muna roƙon masu karatu, musamman na Matamaye da Kance da Magarya da Tasawa da Damagaram: wanda kakansa ya bar masa tsohuwar adaka, ya duba ƙasanta kafin gara ta riga shi. In ya tarar da wani shafi da ya yi ja don tsufa, mai ɗauke da sunan Talaka ko Sawaba ko Gaskiya, kada ya ƙunshe ƙosai da shi. Ya kai shi ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, ko ya nuna wa mushen lakwal na garinsu a ɗauki hotonsa. Wanda kuma yake da dattijo a gida da ya zauna a tasha ya saurari karatun nan, ya zauna da shi ya rubuta abin da ya tuna, tun yana da sauran numfashi. Ko gidanku giwa aka bi, ko raƙumi, tarihin na duka ne, kuma jikokinmu za su tambaye mu.

Allah ya jiƙan Abdulaye Mamani, ya gafarta masa kurakuransa, ya jiƙan dukan waɗanda suka rasa rayukansu a waɗancan shekaru, ta kowane ɓangare. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Sai mun sake saduwa a wannan fili.